Tsufa a Ƙasar Matasa: Wa Zai Riƙe Dattawan Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa?

Ranar kasuwa da hantsi, in ka tsaya kusa da rumfar mai POS a Kazaure ko Babura, ba za ka daɗe ba za ka ga irinsa. Dattijo ne da sanda, ya zaro ƙaramar waya daga aljihun 'yar-shara, ya kwance ledar da ya naɗe ta, ya miƙa wa saurayin da ke zaune.

"Ɗan nan, duba mini ko yaron ya turo."

"Baba, ba su shigo ba tukuna. Ko za ka ɗan jira zuwa azahar?"

Sai ya karɓi wayarsa, ya ce Allah ya sa lafiya, ya nemi inuwa ya zauna. Yaron da ake magana magidanci ne mai 'ya'ya biyar ko shida. Yana Legas ko Abuja ko Fatakwal, yana gadi, ko tura ruwa, ko sayar da shayi. Sau da yawa ma Baba ba shi da asusun banki, don haka asusun mai POS ake turawa, ya cire ladansa ya ba da sauran. Da wannan kuɗi za a auni gero, a sayi maganin hawan jini, a ba jika na makaranta.

Irin wannan jira ya zama ruwan dare a arewa maso yammacin Jigawa. A bayansa akwai tambayar da ba a cika yi a fili ba: idan ƙarfin mutum ya ƙare, a wannan zamani, wa ke riƙe shi?

Yara sun fi yawa, amma tsofaffi na ƙaruwa

Idan ana zancen tsufan al'umma, hankali kan tafi Japan, inda kusan mutum uku cikin goma sun haura shekara 65, ko Italiya da Jamus. Nijeriya ba ta cikin wannan sahu. Rabin 'yan ƙasar ba su wuce shekara 18 ba, kuma waɗanda suka kai 60 ba su fi kashi biyar cikin ɗari ba. A Jigawa abin ya fi haka, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace takan haihu kusan sau bakwai a rayuwarta.

Sai dai kashi biyar na mutum sama da miliyan 200 ba wasa ba ne. Ana maganar dattawa wajen miliyan goma, kuma hasashen masana shi ne adadin zai ninka fiye da sau biyu kafin 2050. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan ɗaya a duniya, za su haura biliyan biyu a 2050, kuma biyu bisa ukunsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita za su kasance.

A ƙidayar 2006, wadda har yau ita ce ta ƙarshe, Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa a haɗe sun haura mutum rabin miliyan. Tun daga lokacin jama'a sun ƙaru sosai. Ko da an ɗauka mutum huɗu ne kacal cikin ɗari suka kai 60, lissafi zai ba da dubban dattawa a kowace ƙaramar hukuma.

Akwai kuma wani kuskure da ake yawan yi. Idan aka ce tsawon ran ɗan Nijeriya shekara hamsin da 'yan kai ne, wasu kan ɗauka ba a tsufa a ƙasar. Mutuwar ƙananan yara ce ke jawo adadin ƙasa. Wanda Allah ya kai shi 60, galibi yana da wajen shekara goma sha biyar a gaba. Waɗannan shekarun su ne ba a yi wa tanadi ba.

Gandu, fanshon da ba a rubuta ba

Kakanninmu ba su bar tsufa haka kawai ba. Suna da tsari, kuma sunansa gandu. Uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna noma gona ɗaya, suna zuba amfani a rumbu ɗaya. Uba ne ke ciyar da gida, ya biya haraji, ya yi wa ɗa auren fari. Ɗa kuma yana da gayaunarsa da yake nomawa da yamma ko ranar da aka ware masa.

Hikimar abin ita ce, lokacin da hannun uba ya daina ɗaga garma, ikonsa a kan gona da rumbu bai gushe ba. Yana zaune a zaure, amma shi ke cewa a ɗebo dami nawa. Tsohuwa kuma tana ɗakinta, surukai na kai mata tuwo, jikoki na kwana a wurinta, tana da 'yan awakinta da ɗan kaɗin zarenta. Ba sadaka ake ba su ba, haƙƙinsu suke ci.

Wata mai bincike 'yar Ingila, Polly Hill, da ta yi nazarin garin Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta lura da abin da manoman Roni da Gwiwa suka sani tun tuni: gandu ya fi ɗorewa a gidan mai wadatar gona. Ɗan talaka shi ke fara ficewa, domin babu abin da zai riƙe shi. Wato gandu yana tsayawa ne da ƙasa, ba da tarbiyya kaɗai ba.

Ci-rani ma ba baƙon abu ba ne a nan. A da, bayan kaka samari kan tafi Kano ko kudu, su dawo da faɗuwar ruwan fari don shuka. Tafiya ce mai ranar dawowa.

Abin da ya kassara tsarin

Na farko gona ce. Gonar da kaka ɗaya ya noma, an raba ta tsakanin 'ya'ya, an sake rabawa tsakanin jikoki. Abin da ke isa ga kowa yanzu ba ya ciyar da gida wata shida. Ƙasar ta gaji, taki ya yi tsada, damina kuma gajera ce, wata uku zuwa huɗu. Jigawa tana cikin jihohi goma sha ɗaya da hamada ke barazana gare su, kuma Babura da ke bakin iyakar Nijar tana gaba-gaba. A ɓangaren Roni, duwatsu sun cinye wani sashe na filin. Noman rani a gefen madatsar ruwan Kazaure yana taimakawa, amma ba kowane ƙauye ke da ruwa a kusa ba.

Na biyu, ci-rani ya koma ƙaura. Saurayi kan tafi ya shekara biyu, ya zo Sallah ya koma. Wani ya bar mata da 'ya'ya a hannun iyayensa, wani ya kwashe su. A ƙauyuka da dama, da rani, tsofaffi da mata da yara ne suka fi yawa.

Na uku, abin da ɗan ci-rani ke samu shi ma ba tabbas. Kano ta hana acaɓa a 2013, Legas ta hana a manyan sassanta a 2022. Duk ranar da aka kama babur a can, tukunya ce ta sauka a nan.

Na huɗu, tsadar rayuwa. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya fi gasa wa tsofaffin karkara aya a hannu, su da ba su san taransifa ba. A ƙarshen watan Mayun shekarar aka cire tallafin mai. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, kasuwancin dabbobi da hatsi da mutanen Babura ke yi da ƙasar Damagaram ya tsaya cik. A 2024 hauhawar farashin abinci ta kai wajen kashi 40 cikin ɗari.

Duk wannan ya faru ne a jihar da rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce fiye da kashi 80 na mutanenta suna cikin talauci ta fuskoki da dama. Ɗan da ake sa ran ya riƙe uba, shi ma neman mai riƙe shi yake. Abin ya zama haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance.

Jiki ya gaza, magani ya yi tsada

Cututtukan tsufa ba irin zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe. Hawan jini da ciwon suga da sanyin ƙashi abokan zama ne har ƙarshen rai, kuma maganinsu kullum ne. A Nijeriya kuwa, fiye da kashi 70 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyaci yake fita.

Shi ya sa ake ganin abin da duk mai kemis ya sani. Likita ya rubuta maganin wata guda, dattijo ya ce a ba shi na kwana biyar. Ya sha, ciwon kai ya lafa, ya ɗauka ya warke. Bayan wata uku a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, mutane su ce iska ce ta buge shi. Daga nan sai a nemi wanda zai riƙa juya shi, ya yi masa wanka, ya kai shi bayan gida. Wannan aiki kusan kullum a kan mace yake faɗawa, mata ko 'ya ko suruka, kuma takan bar 'yar sana'arta saboda shi.

Ga matsalar ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane, alhali aiki ne na ƙasa da awa guda. Tsohon da ya makance mutum biyu ya ɗaure: kansa, da jikan da aka cire daga makaranta don ya yi masa jagora.

Maza na fama da tsayawar fitsari, suna ɓoyewa don kunya har sai abin ya ci ƙarfinsu. Akwai kuma ruɗewar tsufa, inda mutum ke manta sunan 'ya'yansa, ya fita da dare bai san hanyar gida ba. Likitoci sun san ta a matsayin cutar ƙwaƙwalwa. A karkara wani lokaci akan ce aljanu ne, ko a yi wa tsohuwa ƙazafin maita, a guje ta a lokacin da ta fi bukatar mutane.

Mai ciwon da ya fi ƙarfin asibitin ƙauye sai babban asibitin Kazaure ko na Babura, in ya yi tsanani a tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kuɗin mota da na mai jinya kaɗai kan sa a haƙura. Likitocin da suka ƙware a kan tsofaffi kuwa 'yan ƙalilan ne a duk ƙasar. Cibiya ta farko ta irin wannan sai a 2012 aka buɗe ta, a asibitin koyarwa na Ibadan.

Tsohuwa ta fi jin jiki

A ƙasar Hausa mace kan auri wanda ya girme ta da shekara goma ko fiye, don haka galibi ita ke yin takaba. Namijin da matarsa ta rasu kan sake aure ko ya kai saba'in. Tsohuwa ba kasafai take samun haka ba.

Rabonta a gado tumuni ne idan akwai 'ya'ya, kuma in matan huɗu ne, shi za su raba. Shari'a ta ɗora ciyar da ita a kan 'ya'yanta, wanda ke nufin mai 'ya'ya maza masu hali ta tsira. Wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ko 'ya'yanta suka rasu, ko mata kaɗai ta haifa suna gidajen aure masu fama da kansu, ita ce ke shiga halin ni-'yasu. Wasu ma ɗan abin da ya zama nasu a gona ba ya zuwa hannunsu, ana cewa 'yan'uwa maza na noma musu.

Duk da haka, su ne ginshiƙin gidaje da yawa. Tsohuwa ce ke riƙon marayu da 'ya'yan da aurensu ya mutu. Ita ke ƙuli-ƙuli da daddawa, ita ke tsinkar zoɓo da sussukar gero a biya ta da mudu, ita ce ungozoma, ita ake kira wankan jego da wankan gawa. Idan ka ga tsohuwa da ƙoƙo a tashar mota a Kano, sau da yawa ba don cikinta kaɗai ta fito ba. Akwai bakuna uku ko huɗu da ta baro a gida.

Masu fansho da sauran jama'a

Ta fuskar fanshon ma'aikata, Jigawa tana da abin nunawa. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, jihar ta kafa asusun fansho na haɗin gwiwa ga ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi. Jihohi da dama sun aiko wakilai Dutse don koyon tsarin. Tsohon malamin firamare a Gwiwa ko ma'aikacin lafiya a Roni yana da abin da yake jira ƙarshen wata, ko da tsadar kaya ta cinye darajarsa.

Amma nawa ne suka taɓa yin aikin gwamnati? Manomi da makiyayi da maƙeri da mahauci da mai sayar da fura, su ne mafi yawan jama'ar yankin, kuma ba su da ranar ritaya. Suna aiki har ranar da jiki ya ce a'a. A duk Nijeriya, masu asusun fansho na tarayya wajen miliyan goma ne, a ƙasar da masu neman na kansu suka ninka haka sau da yawa.

A 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da ƙaramin fansho don masu sana'ar hannu, amma bai yi nisa a karkara ba. Ajiyar manomi har gobe ita ce tunkiya da sa da ɗan fili. Su ma rashin lafiya guda ko bikin 'ya guda kan share su.

Naira dubu bakwai

Jigawa ta riga yawancin jihohi fara ba marasa ƙarfi alawus na wata-wata. A 2007 Gwamna Sule Lamido ya fara biyan naƙasassu naira 7,000. Gwamnatin Malam Umar Namadi ta ɗora da shirin tsofaffi, inda aka ɗauki mutum ashirin daga kowace mazaɓa cikin 287 da jihar ke da su, wato mutum 5,700 da ɗoriya, ana ba kowanne naira 7,000 a wata.

Wannan mataki ne da ya cancanci yabo, domin ya nuna an yarda riƙon tsoho ba aikin iyali kaɗai ba ne. Amma lissafi yana da nasa bayanin. Ƙaramar hukuma mai mazaɓa goma ko sha ɗaya za ta samu gurbin mutum ɗari biyu da 'yan kai, a inda dattawa suka kai dubbai.

Sannan naira 7,000 ta 2007 ba ita ce ta yau ba. A wancan lokaci ta kai wajen dala 55, kusan daidai da mafi ƙarancin albashi. Yau wajen dala biyar ce kawai, kashi ɗaya cikin goma na mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka amince da shi a 2024.

A matakin tarayya akwai dokoki. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a biya wa kuɗin magani, kuma Jigawa na da tata hukumar inshorar lafiya, JICHMA. Tazarar tana tsakanin takarda da ƙofar gidan tsoho.

Ko shiga irin waɗannan shirye-shirye ma aiki ne. Ana neman lambar NIN da asusun banki da shekarun haihuwa. Mutumin da aka haifa kafin 1960 a ƙauye ba shi da takardar haihuwa. In ka tambaye shi shekarunsa, sai ya ce yana saurayi aka canza fam zuwa naira, ko ya yi aure shekarar babban fari, duka biyun kuwa wajen 1973 ke nan. Na'urar ɗaukar zanen yatsa kuma sau da yawa ba ta karanta hannun da ya shekara hamsin yana riƙe da fartanya.

Kowa da inda yake kallo

Dattawa da yawa suna ganin tarbiyya ce ta lalace. Sukan ce yaran yanzu sun fi son waya da babur a kan gona, kuma mata sun raba su da iyayensu. Abin da ya fi yi musu ciwo ba yunwa kaɗai ba ce, har da rashin shawara da su. Mutumin da a da ba a ɗaura aure ko a sayar da akuya sai da izininsa, yanzu sai dai ya ji labari.

Matasa kuma na cewa ba ƙin iyaye suka yi ba. Da sun zauna a gida, kowa zai kwana da yunwa. Tafiyar da ake zargin su da ita, ita ce ke kawo abin da ake ci. Magidanci ɗaya yana ɗauke da iyaye biyu, mata, 'ya'ya, da ƙannen da ba su da aiki.

Malamai na tunatarwa cewa kyautata wa iyaye, musamman idan tsufa ya riske su, umarni ne da ya zo a Suratul Isra'i daf da umarnin kaɗaita Allah, kuma talauci ba ya sauke shi. Suna kuma nuni da zakka da waƙafi. Masarautun Jigawa suna da kwamitocin zakka da ke tara hatsi da dabbobi da kuɗi su raba wa mabukata. Kazaure da Roni da Gwiwa suna ƙarƙashin masarautar Kazaure, Babura kuma ta Ringim, kuma hakimai da dagatai da masu unguwanni sun san gidan kowane gajiyayye. Raunin zakka shi ne sau ɗaya take zuwa a shekara, ciwo da yunwa kuwa kullum ne.

Masu tsara kasafi na da tasu hujjar. A jihar da yara suka fi yawa, ga tamowa, ga waɗanda ba sa zuwa makaranta, ga mata masu mutuwa wajen haihuwa, ina za a fara? Masu ba su amsa na cewa kuɗin da aka ba kaka ba ya tsayawa a hannunta. Abincin jikoki yake zama.

A kan gidan gajiyayyu kuwa kusan baki ya zo ɗaya. Akwai irinsa a Shahuci cikin birnin Kano, amma a wurin Bahaushe kai uba can abin kunya ne da ba a wankewa. Mafi yawan masu nazarin lamarin sun fi karkata ga a taimaki iyali su riƙe tsohonsu a ɗakinsa, a bar irin waɗancan gidaje ga wanda ba shi da kowa.

Yadda wasu suka yi

Ba sai ƙasa ta yi arziki take iya wannan ba. Lesotho, ƙaramar ƙasa a kudancin Afirka, ta fara biyan duk wanda ya kai shekara 70 tun 2004. Zanzibar ta bi sahu a 2016, Kenya a 2018. A cikin gida, Ekiti ta fara ba masu shekara 65 naira 5,000 a 2011, Osun ma ta yi nata.

Darasi biyu ke ciki. Inda aka ce duk wanda ya kai shekara kaza ya cancanta, ba a bukatar sanin kansila ko ɗan siyasa, kuma rigimar zaɓen suna ba ta tasowa. Inda kuma shirin ya rataya ga gwamna ɗaya, yakan yi rauni da saukarsa. Abin da doka ta kafa, aka ware masa kaso a kasafi, shi ke daɗewa.

Abin da ke hannunmu

Matakin farko bai bukatar biliyoyi: a san su. Kowane mai unguwa zai iya rubuta sunayen waɗanda suka haura 70 a unguwarsa, da wanda ke riƙe da su, da waɗanda ba su da kowa. Da wannan rijista za a iya raba zakka da alawus da katin asibiti ba tare da son kai ba.

Na biyu, a sa awon jini da na suga kyauta a kowane asibitin mazaɓa, da maganinsu na wata-wata, a kuma mayar da aikin yanar ido abin da ake yi a kai a kai, ba sai wani attajiri ya tuna ba. Ƙwayar hawan jini ta shekara guda ba ta kai kuɗin jinyar shanyewar jiki ta wata ɗaya ba.

Na uku, a faɗaɗa alawus ɗin a hankali, a fara da mafi tsufa da matan da ba su da mai riƙo, a riƙa daidaita shi da farashin abinci, a kuma kai shi har ƙauye.

Na huɗu, yankin na da manyan makarantu, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Binciken halin da dattawan ƙauyukan da ke kewaye da su ke ciki aiki ne da ya dace da ɗalibansu. Ƙungiyoyin ci-gaban gari da 'yan asalin yankin mazauna Kano da Abuja su ma za su iya kafa waƙafin magani, kamar yadda suke haɗa kuɗin gina masallaci.

Sai kuma kai mai karatu, musamman in kana cikin ƙarfinka. Wanda aka haifa a 1990 zai cika shekara 60 a 2050. Sa'o'insa sun ninka na iyayensa yawa, gonar da zai gada ta fi tasu ƙanƙanta, kuma 'ya'yansa za su fi shi nisa da gida. Tsarin da aka gina wa dattawan yau, shi zai tarar. Saboda haka kira ga gwamnati da masarautu da malamai da masu hali shi ne a fara yanzu, tun adadin bai fi ƙarfinmu ba. Wanda kuma yake da tsoho a gida, kada ya jira gwamnati: ya kai shi a auna jininsa a wannan watan, ya kuma zauna ya ji ta bakinsa.